Bushin Ɗin Sati Uku

Yau kwana huɗu a-kori-kurata tana ɗage a kan kututture a ƙofar gida a Tudun Jukun, Zariya, ƙafar gaba ta hagu a kwance, yaran layi sun mayar da bayanta wurin wasan ɓuya. Abin da ya tsugunar da ita wata 'yar roba ce da ba ta kai girman ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Bushin, robar da ke zaune a mahaɗar ƙarfen ƙafar gaba da jikin mota. Da kuɗina na saya, da hannuna na sa, sati uku kacal ya yi ya dagargaje.

Motar tsohuwar Hilux ce mai jan baya kawai, da ita nake ɗauko masara daga Giwa, in lokacin rake ya yi kuma in leƙa Maƙarfi. Tun tsakiyar damina ta fara ƙwal-ƙwal a gaba duk ramin da na faɗa. Daga baya in na taka birki sai in ji sitiyari ya fizge ni gefe, tayar hagu kuma ta cinye ta ciki, ta waje tana nan da zanenta kamar sabuwa. Na kai gareji. Bakaniken ko durƙusawa bai yi sosai ba ya ce sai an canja hannun ƙasa, wato ƙarfen da bushin ɗin yake ciki, gaba ɗaya, hagu da dama. Na ce masa ƙarfen lafiyarsa ƙalau, robar ce ta mutu. Ya ce shi ba ya ɓata yininsa a kan bushin. Kuɗin da ya yanka mini kuwa, ko lodin wata guda ba zai biya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta bi ta zube, duk abin da ka taya amsa ɗaya ce: "Dala ce, Alhaji." Har noti dala ce.

Sai na ce to, ni ma ina da hannu.

Na shiga Sabon Gari wurin masu kayan gyara. Mai shagon ya jera mini kala uku a kan kanta, kowanne da kuɗinsa. Ya ɗaga na ukun, a leda mai hatimi da lamba, ya ce, "Alhaji, wannan orijinal ne. Ka sa ka manta da shi." Kowa ya ji da kyau, don na san akwai masu jira su ce mini araha ba ta ado: mafi tsadar na ɗauka. Guda huɗu. Ko ragi ban matsa masa ba, don kada ya ce rowata ce ta ja mini.

Ranar Asabar daga sallar asuba na fara, ni da ɗan yayata. Wanda bai taɓa fitar da tsohon bushin ba bai san wuya ba. Irin wannan mota ba ta da sifirin mai lanƙwasa a gaba, wani dogon sandan ƙarfe ne yake murɗewa ya ɗauki nauyinta, kuma kafin ka sassauta shi sai ka ƙirga zaren notinsa ka sa alama, in ba haka ba ka gama aiki mota ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Wannan ya wuce lafiya. Kusar da ta ratsa tsakiyar bushin ɗin ce ta ci mana rabin yini, tsatsa ta haɗe ta da bututun ciki sun zama abu ɗaya. Kananzir, guduma, kananzir, guduma. Da ta fito, sai robar ta ce ba inda za ta. Dole na ɗora hannun a kan kurfoti na ƙone ta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har uwargida ta leƙo tana tari ta ce, "Malam, motar kake gyarawa ko gidan za ka ƙona mana?" Bayan nan ga zoben ƙarfe na waje, wanda sai ka zura zarto ta cikin ramin ka yanka shi a hankali, ba tare da ka ci jikin hannun ba, sannan ka tayar da shi da cizal. Fatar yatsuna biyu na bari a wurin.

Sabon kuma da doguwar kusa da wosha da guntun bututu na matsa shi ciki, da ruwan sabulu, don baƙin mai yana ruɓar da roba. Ina shirin ɗaurewa sai maƙwabcinmu, tsohon bakanike ne da ya ajiye sifana, ya dafa ni ya ce, "A'a, yaro. Kada ka ɗaure tana sama. Sauke ta ta zauna a kan ƙafarta tukuna." Na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce in ka ɗaure ƙafa na reto, da ka sauke mota robar ta murɗe ke nan, haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Na bi maganarsa. Na sauke ta, na kwanta a ƙarƙashi a kan buhu na ɗaure. Litinin na kai aka yi mata alaimen, wato saitin tayoyi, na sake biya.

Na faɗi duk wannan ne don a san ba a wurin sawa aka yi kuskure ba.

Sati na uku, ina tsallake layin dogo da buhu goma sha biyar a baya, na ji ƙwal. Kafin in kai Kwangila wani ɗan acaba ya yanko gabana, na taka birki, motar ta yi kansa maimakon ta tsaya cak. Allah ne kawai ya tsare, da goyon mace da jariri a bayansa. Da na kwance a gida, robar ta rabu da ƙarfenta, tana marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Tsohon da na cire, wanda ya fi ɗan yayata shekaru, sai da wuta ya fita. Wannan da babban yatsa na turo shi.

Na koma shagon na ajiye masa a kan kanta. Ya juya shi, ya juya, ya ce, "Wa ya sa maka?" Na ce ni. Ya yi murmushi ya ce, "To ai shi ke nan, Alhaji." Da na ɗaga murya sai ya koma kan hanya, wai ramukan garin nan ko ƙarfe ba sa bari. Ramuka kam akwai su, layinmu kaɗai in an yi ruwa sai ka san inda dutse yake kafin ka sa taya, kuma masu alhakin gyara sai lokacin zaɓe ake ganin ƙeyarsu. Amma a cikin ramukan nan tsohon bushin ɗin ya yi shekarunsa. Ƙarshe ya nuna mini rubutun da ke bango, kayan da ya fita ba ya dawowa, ya ce in ina so akwai wani da ya fi wannan kyau. Wato bayan orijinal akwai orijinal! Na ce masa Allah ya isa, a gaban yaransa, ban kuma ji kunya ba.

Wallahi mutumin da ke yanka bushin daga tsohuwar tayar tirela ya fi mini shi daraja, don bai taɓa ce wa kowa kayansa daga Japan suka zo ba. Wannan kuwa ya kalli idona, ya san mota ce mai ɗaukar kaya a cikin mutane, ya karɓi kuɗin gaskiya ya miƙo mini jabu.

Baba ya ce in haƙura in nemo hannun Beljiyam da bushin ɗinsa na asali a jiki, wato abin da na guda tun farko. Gobe zan fita nema. Masarar da na yi alkawarin ɗaukowa jiya motar wani ta ɗauko. Ɗazu na zura ƙarfen taya na taɓa hannun dama, wanda bushin ɗinsa daga leda ɗaya suka fito, shi ma ya fara wasa.