Mu daina ce wa mata "ba zafi" a ɗakin saka robar mahaifa

Akwai wata ƙarya da ta zama jiki a ɗakunan tazarar haihuwa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mace ta hau gado, jikinta na ɓari, ta tambaya ko da zafi, sai a ce mata "Haba Hajiya, ba komai, kamar cizon sauro ne." Minti uku bayan nan mararta ta murɗa, ta riƙe ƙarfen gado tana salati. Daga ranar ta daina yarda da mu ma'aikatan lafiya, kuma duk wadda ta zo neman shawararta a gidan suna ko a makarantar Islamiyya za ta ce mata kada ki kuskura. Robar mahaifa tana cikin hanyoyin da suka fi aminci da daɗewa, cikin mata 100 da suka saka ba a cika samun ko ɗaya da ta ɗauki ciki a shekarar farko ba. Abin takaici ne a ce rowar bayani ce take kore mata daga gare ta.

Ita robar ƙarama ce, siffarta kamar harafin T, tsawonta bai kai santimita 4 ba, da zare biyu sirara a gindinta. Iri biyu ne. Akwai mai jan ƙarfe, wato Copper T 380A, wadda aka fi samu a asibitocin gwamnati. Ba ta da sinadarin homon ko kaɗan, jan ƙarfen da aka naɗa mata ne yake kashe ƙarfin maniyyi, kuma tana aiki shekara 10 zuwa 12. Akwai kuma mai homon irin su Mirena, mai ɗauke da miligiram 52 na levonorgestrel, tana kaurara majinar bakin mahaifa ta kuma rage kaurin shimfiɗar cikin mahaifa. Ita a Amurka an amince ta kai shekara 8. A Najeriya tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, sai dai a wasu wuraren za a ce ki sayi safar hannu ko auduga.

Kafin a taɓa ki, tambayoyi ne, kuma su ne rabin aikin. Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe, yaushe kika haihu, kina shayarwa, akwai ruwa mai wari ko ƙaiƙayi ko ciwon mara, akwai jinin da yake zuwa ba lokacinsa ba. Ki faɗi gaskiya ko da kunya. Idan akwai ciwon sanyi mai ruwan mugunya a bakin mahaifa aka tura roba ta cikinsa, ƙwayoyin cutar ne aka raka har ɗaki. Wannan ne asalin yawancin ciwon mahaifar da ake ɗora wa roba laifinsa, shi ya sa haɗarin yake taruwa a kwana 20 na farko, bayan nan ya sauka. Sai a yi maganin sanyin tukuna. Haka nan ba a saka wa mai ciki, ko wadda ta yi zazzaɓin haihuwa ko ɓarin da ya ruɓe, ko mai ƙarin da ya murɗe cikin mahaifa, ko mai kansar bakin mahaifa. Mai kansar mama kuma ba a saka mata mai homon.

Ba dole sai kina jini za a saka miki ba, muddin an tabbatar ba ciki. Mai jego kuwa tana da ƙofa biyu: cikin awa 48 da haihuwa, har ma minti 10 bayan fitar mabiyiya ko a lokacin tiyata, ko kuma ta jira sati 4 ya cika. Tsakanin nan ba a so, domin mahaifa tana kan komawa, takan turo ta waje. Ga matanmu, lokacin da ya fi dacewa shi ne gama arba'in, ranar da aka kawo jariri rigakafin sati 6, tun kafin a koma ɗaki.

Yanzu ga abin da zai faru a kan gadon. Ki fara yin fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana ƙara takura. Ma'aikaciya za ta sa yatsu biyu ta ciki, ɗaya hannun a kan mara, ta ji girman mahaifa da inda ta karkata, gaba ko baya. Wannan ɗan gwajin da wasu ke tsallakewa saboda layi ya yi tsawo shi ne yake hana a tura ƙarfe inda ba hanya. Sai a saka abin buɗa gaba, mai kama da bakin agwagwa. Yana da sanyi da nauyi, amma bai kamata ya yi zafi ba. Idan ya yi, ki ce a canza ƙarami ko a ƙara man santsi. A goge bakin mahaifa da aidin.

Daga nan zafi yake farawa, kuma sau uku yake zuwa. Na farko, lokacin da aka kama leɓen bakin mahaifa da wani ƙarfe mai haƙora biyu don a miƙar da hanya. Kamar tsunguli ne mai kaifi, kuma idan aka rufe shi a hankali, ana ƙirga daƙiƙu, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a datse shi lokaci guda. Na biyu, lokacin da aka zura siririn tsinken awo don a san zurfin mahaifa, wanda galibi yakan kama santimita 6 zuwa 9. A nan mara take murɗawa kamar ranar farko ta al'ada mai tsanani. Na uku shi ne shigar robar kanta. Idan mai jan ƙarfe ce, ana lanƙwasa hannayenta cikin bututu tun tana cikin ledarta ba tare da an taɓa ta ba, kuma ba a barin ta a lanƙwashe fiye da minti 5, in ba haka ba hannayen ba za su buɗe sosai ba. A daidaita shuɗiyar alamar bututun da awon da aka samu, a zura har ƙuryar mahaifa, a riƙe farin sandan ciki a ja bututun baya kamar santimita 1, hannayen su buɗe. Mutum ba ya tura sandan nan gaba, bututun ake ja baya. Wanda ya juya wannan ƙa'ida shi ne yake huda mahaifa. Sai a yanke zaren a bar santimita 3 zuwa 4. Duka aikin minti 5 zuwa 10 ne, zafin mai ƙarfi kuwa bai cika wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Ba kowa ce take jin sa daidai ba. Wadda ta haihu da kanta sau biyu ko uku sau da yawa sai dai ta ji an ce an gama. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko wadda duk haihuwarta tiyata ce, ko mai fama da ciwon mara tun tana budurwa, ita takan sha wuya, kuma ba raki ba ne. Wasu sukan ji jiri, gumi ya karyo, ido ya yi duhu, saboda taɓa bakin mahaifa yana iya saukar da bugun zuciya na ɗan lokaci. Maganinsa a tsaya, a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta. Don haka ki ci abinci kafin ki zo, kada ki zo da azumi, kada kuma ki zabura ki miƙe da an gama.

Ibuprofen da ake sha kafin a fara bai cika rage zafin sakawar ba, amfaninsa yana ga murɗawar da ke biyo baya: miligiram 400 bayan cin abinci, mai gyambon ciki kuma ta tsaya ga farasitamol. A guji asfirin, yana ƙara jini. Abin da yake taimakawa a kan gadon shi ne lidocaine, maganin da ke kashe jin zafi a wurin da aka sa shi, ko a shafa ko a yi allurarsa a gefen bakin mahaifa. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa a tattauna batun zafi da mace kafin a fara, a kuma gabatar mata da wannan zaɓi. Lidocaine ɗin nan shi ne dai wanda muke ɗinkin ƙari da shi a ɗakin haihuwa kullum. Ban ga dalilin da zai sa a hana shi wadda take tsoro ba. Kuma duk lokacin da ta ce a tsaya, a tsaya.

Bayan an koma gida, ciwon mara na kwana biyu ko uku da ɗigon jini ba abin tsoro ba ne. Amma maganar jini tana buƙatar a zauna a yi ta sosai, don ita ce take sa a dawo a ce a cire. Mai jan ƙarfe tana ƙara yawan jinin al'ada da kwanakinsa, musamman wata 3 zuwa 6 na farko. Macen da dama jininta bai cika ba, ta fito daga haihuwa ta biyar, idonta fari fat, a duba jininta a ba ta maganin ƙarin jini, ko a karkata da ita ga mai homon. Ita mai homon ɗige-ɗige take kawowa a watannin farko ba tsari, daga baya jinin ya ragu, kusan mace 1 cikin 5 ma ya ɗauke mata gaba ɗaya bayan shekara. Ba taruwa yake yi a ciki ba, shimfiɗar ce ba ta yin kaurin da za ta zube. Ga mace mai sallah da azumi, ɗigon nan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tana da haƙƙin ta sani tun kafin a saka, ta tambayi malamarta yadda ake rarrabe haila da jinin ciwo, ta kuma zaɓi lokacinta idan Ramadan ya gabato.

Robar ba ta tafiya zuciya, ba ta hawa kai. Abin da yake faruwa da gaske shi ne ta zamo ko ta faɗo, ga mata 2 zuwa 10 cikin 100 a shekarar farko, galibi a wata 3 na farko kuma lokacin al'ada, don haka ki riƙa duba audugarki. Hudar mahaifa kuwa kamar 1 cikin 1,000 ne, a ranar sakawa take faruwa, kuma ta fi yawa ga masu shayarwa saboda laushin mahaifa. Maigida yana iya jin zaren a makonnin farko kafin ya yi laushi ya naɗe. Kada a yi saurin cewa a gutsure shi, guntun zare ya fi dogo suka, kuma yana wahalar da cirewa. A kuma ajiye matsi da duk wani abin cusawa, ko don kada a jawo zaren ko a shigar da cuta.

Ki koma a duba ki bayan al'adar farko, ko sati 3 zuwa 6. Kada ki jira wannan ranar idan kika ji zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da yake ƙaruwa, ko jinin da yake jiƙa auduga duk awa, ko kika taɓo robar kanta mai tauri a bakin mahaifa, ko zaren ya ɓace. Idan al'ada ta ɗauke kina da mai jan ƙarfe, a gwada ciki a yi hoton mara da wuri, domin cikin da ya shiga a kan roba yana iya zama a wajen mahaifa. Ki adana katin da aka rubuta irin robar da ranar sakawa. Ranar da kika so haihuwa, ma'aikaciya za ta kama zaren ta ja a hankali, hannayen su lanƙwashe ta fito cikin daƙiƙu, kuma kina iya ɗaukar ciki a watan nan.