Shugaban sashe ya fi minista kusa da malami

Duk lokacin da aka tashi maganar abin da ke hana malaman jami'a jin daɗin aikinsu, albashi ake fara ambata, kuma da gaskiyar masu faɗa, domin wanda ya sha yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba ya bukatar a ba shi labari. Sai dai akwai ciwon da ƙungiya ba ta kai shi teburin sulhu da gwamnati, wato halin shugaban sashe, mutumin da yake raba kwasa-kwasai, yake sa hannu a takardar neman hutun ƙaro karatu, kuma ta hannunsa fayil ɗin ƙarin girma yake fita.

Na yi aiki da irin shugaban da yake rufe ofis ya raba kwasa-kwasai shi kaɗai, sai dai malami ya tarar da sunansa a allon sanarwa kamar ɗalibi. Na taɓa yin mako uku ina zarya da takardar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, don halartar taro. Kullum na ce, "Ranka ya daɗe, maganar takardata ce," sai ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba: "Malam, ka dawo gobe." Har wa'adi ya ƙare tana cikin durowarsa. Ba na cewa mugu ne. Masani ne na gaske a fanninsa, amma yawan wallafa ne ya kai shi kujerar, kuma wallafa ba ta koya wa mutum riƙon jama'a.

Wadda ta gaje shi ba ta ƙara mana ko sisi ba, don ba ta da ikon haka. Ta kawo rabon kwasa-kwasai gaban taron sashe, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, sannan ta ɗaukar wa kanta ajin 'yan shekarar farko, mai cunkoso, na ƙarfe takwas na safe, wanda kowa yake gudu saboda sanyin hunturun Jos. Idan za ta ƙi buƙatarka, za ta faɗa maka a ranar, tare da dalili.

A ganina, bai dace hukumomin jami'a su ci gaba da naɗa shugabannin sassa da na tsangayu ba tare da horo kan shugabanci ba, kuma kafin a sabunta wa'adin kowane shugaba, a nemi ra'ayin ƙananan malamansa a asirce, tunda su ne suke tsayuwa a ƙofarsa da fayil a hannu.