Nasiha ga masu shagunan kayan wasa da gidajen gem

Ƴan'uwana matasa da Allah ya buɗa wa hanyar abinci ta sayar da kayan wasan yara, daga Kasuwar Sheikh Gumi zuwa Kasuwar Barci, da ku da kuka kafa gidajen gem a lungunan Tudun Wada da Rigasa da Kawo, da ku nake magana. Ina roƙon ku da ku riƙa duba abin da kuke jerawa a kan kanta, domin akwai kayan da suka zo da siffar abin wasa alhali manya aka ƙera wa su.

An jima ana tafka wannan muhawara a ƙasashen da kayan suke fitowa. A watan Oktoban 2014, wata uwa a jihar Florida ta Amurka ta tara sa hannun dubban mutane tana neman katafaren shagon Toys "R" Us ya janye wasu ƴartsana da aka yi da siffar taurarin Breaking Bad, shirin talabijin ɗin da ke ba da labarin malamin makarantar da ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi. Ƴartsanar har da jakar kuɗi da ɗan ƙullin ƙwaya na roba take zuwa. Da farko shagon ya kare kansa da cewa an rubuta a jikin kwalin cewa na ƴan shekara 15 zuwa sama ne, kuma a sashen manya aka ajiye su, amma kafin watan ya ƙare sai da ya kwashe su. A Disambar shekarar kuma, shagunan Target da Kmart na Ostireliya suka daina sayar da gem ɗin Grand Theft Auto V bayan koke a kan yadda ake cin zarafin mata a cikinsa.

Waɗanda suka ji haushin janyewar sun ce baligi yana da ikon sayen abin da ransa ke so, kuma tarbiyya aikin iyaye ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma can aka gina ta, inda yaro ke shiga shago riƙe da hannun mahaifiyarsa, kuma kowane kwali ke ɗauke da tambarin shekaru. Tun 1994 Amurka take da hukumar ESRB mai sa harafin M a kan gem na ƴan shekara 17 zuwa sama, Turai kuma tun 2003 take da PEGI mai rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18 ɓaro-ɓaro. A nan Kaduna fa? Yaro ɗan shekara tara ne zai zo shi kaɗai washegarin Sallah, da kuɗin barka da Sallah a dunƙule cikin aljihun sabuwar shaddarsa, ya miƙo ya nuna da yatsa. Gem ɗin ma galibi ba a kwali yake zuwa ba, turawa ake yi daga kwamfuta zuwa waya ko cikin PlayStation, don haka tambarin ya riga ya ɓace tun kafin ya iso. Uwarsa tana gida, kuma ko ta ga allon, mota kawai za ta gani tana gudu a titi, ba za ta san cewa a cikin wasan akwai fashi da gidan rawar tsiraici da harbin ƴan sanda ba. Kai da ka tura masa kuwa ka sani sarai.

Nan ne nauyin ya dawo wuyan mai shago. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo. Uban da ya bar ɗansa ya shiga shagonka ya yi haka ne saboda sunan da ka rataya a ƙofa, wato kayan yara, kuma amsar nan da muka saba bayarwa, "ai shi ya ce yana so", ba hujja ba ce a gaban mahaifinsa, balle a gaban Allah.

Ban ce ku rufe sana'a ba, kuma ban ce a hana magidanci mai sha'awar tara irin waɗannan kaya sayen abinsa ba. Abin da nake nema kaɗan ne. Kafin ka sari kaya ko ka sauke sabon gem, ka rubuta sunansa a Google ka ga shekarun da aka ƙayyade masa. Katin wasa mai hotunan mata tsirara da bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye, wadda kan iya tsiyaye idon yaro, su bar kantar ƙasa inda hannun yara ke kaiwa. A gidan gem kuma a ware wa ƙanana inji guda mai ƙwallon ƙafa da tseren mota kawai, na manya a kai shi ɗaya ɓangaren, a juya allonsa daga ƙofa. Idan yaro ya nace sai wancan, ka ce masa ya je ya zo da babansa ko yayansa.