Zif Ɗin Yana Waje

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ni da gidan mai sai gaisuwa daga nesa. Da abin ya ishe ni na sayar da tsohon babur ɗina, na haɗa da kuɗin adashin uwargida, na sayi ɗan keke mai ƙafa uku mai amfani da batir. Bai kai Adaidaita Sahu na haya girma ba: kujerata a gaba, benci a baya, batir a ƙarƙashin mazauni, rumfa a sama, gefe da gefe kuwa wayam. Da rani lafiya lau muka zauna, ba ƙara ba hayaƙi, in an kawo wuta in jona caji in yi kwanciyata.

Sai ruwan Agusta ya zo, shi kuma bai san wata rumfa ba, ta gefe yake shigowa. Duk motar da ta wuce kuma sai ta yi mini wanka da ruwan kwata. Na nufi wajen wani mai ɗinkin kujerun mota a Ƙofar Ruwa, na ce ina son rufi, amma ban da irin labulen 'yan adaidaita da ake naɗewa a ɗaure da igiya, iska na wasa da shi. Ya zagaya keken yana gwadawa da taƙi, ya ce, "Yallaɓai, in na gama ko sauro sai ya nemi izini."

Wallahi bai yi ƙarya ba. Baƙin tampol daga ƙasa, leda mai kauri da ake ganin waje daga sama, zif kuma ya zagaye ƙofa tsaf. Ran da na je karɓa hadari ya haɗu ta gabas, ga shi zan wuce Hotoro gaida surukina da ya dawo daga Umara. Na shiga da farar shadda mai sitaci, yaron shagon ya ja zif, ya daki rumfa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, kuma ko ɗigo bai taɓa ni ba. Har dariya na yi wa wani mai babur da ya cusa hularsa cikin leda. Amma numfashin mutum a rufaffen wuri sai ya nemi inda zai sauka, sai ya sauka a gilashina. Gaba ya yi fari fat. Mota tana da fanka mai busar da gilashi, nawa keken ba shi da ko mafici, don haka hular zanna bukar ɗina ta koma tsumma: hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya yana goge hanya. Ruwan da na biya kuɗi don kar ya jiƙa ni daga waje, sai ga shi yana tsattsafowa daga jikina. Iska kuma da can ratsa keken take yi ta wuce, yanzu ta samu bangon da za ta tura, batir na ta kokawa da ita, fitilar caji na sauka ɗaya bayan ɗaya. A haka wata baiwar Allah ta biyo ni da gudu tana buga leda tana cewa, "Malam, Tarauni!" Tun 2013 da aka hana acaɓa a Kano, duk abin da ke da ƙafa uku na haya ne a idon mutane.

Da kyar na gangara ƙofar gidan, batir ya ce ga garinku. Ruwa ya tsagaita. Na kai hannu zan buɗe, na laluba sama, na laluba ƙasa. Ashe kan zif ɗin yana waje.

Ga surukina can a zaure da dattawan unguwa, ana rabon dabino da zamzam. Keken ba shi da ƙara, ba wanda ya ji isowata. Hon ya bi batir, kuma ko yana aiki, wane marar kunya ne zai danna wa surukinsa hon? In ɗaga murya kuma in ce me? Na kira uwargida a waya, tana ta ringi ba a ɗauka. Na zauna ina turara kamar dambu a madambaci, sitacin shadda yana narkewa yana manne mini a baya.

Yaran unguwa suka fara ganina. Suka manna hanci a leda, wani ya ce, "Akwai mutum a ciki, yana motsi!" Na nuna musu zif da yatsa, suka ɗauka gaisuwa ce, suka ɗaga mini hannu.

Alhaji da kansa ya taso, carbi a hannu, ya zuge zif a hankali. Tururi ya fara fita kafin ni. Na zube a taɓo na ce, "Baba, an dawo lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Mu da muka fito daga Makka ma ba mu sha wannan zafin ba. A kawo masa zamzam."

Washegari na tura keken har shagon, na nuna wa mai ɗinki aikinsa. Ko a jikinsa. Ya ce, "Ai Yallaɓai cewa ka yi kar ruwa ya shiga, ba mu yi maganar fitarka ba. Zif mai kai biyu akwai, amma kuɗinsa daban."