Jamusawa sun ƙarasa ƙwallonsu, mu a Jos an hana mu kofi

A siton da nake aikin lodi a nan Dortmund akwai wani Bajamushe da ba shi da zance sai na ƙwallo. Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan rufe Bundesliga, gasar ƙwallon Jamus, a 2020, muna hutun rana, ya tambaye ni ko mu ma a Najeriya mun ƙarasa tamu gasar. Na ce masa tun watan Maris aka dakatar saboda annobar korona, kuma kulob-kulob sun zaɓi a naɗe tabarmar kakar haka nan. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, to ai dama, ina za ku samu kayan gwaji. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. A wurinsa magana ce ƙararriya: su sun buga saboda sun iya, mu mun tsaya saboda mun kasa.

Bari in ba ku labarin yadda "iyawar" take, tunda a gabana aka yi. Ranar 16 ga Mayu, 2020, aka dawo da wasa, Dortmund ta karɓi Schalke. Wannan wasa a yankin nan na Ruhr ya wuce ƙwallo, gaba ce ta iyaye da kakanni. Filin Dortmund yana ɗaukar mutum sama da 81,000, kuma a ɓangaren kudu kaɗai kusan 25,000 ne ke tsayuwa a ƙafa sanye da ruwan ɗorawa, suna waƙa tun kafin a take wasa har a tashi. A ranar wasa jirgin ƙasa cika yake yi maƙil, tituna warin giya da gasasshen nama. Ran nan kuwa garin tsit. Mutanen da aka bari a filin da kewayensa ba su wuce 300 da 'yan kai ba. 'Yan benci aka zaunar da su nesa-nesa da juna, kowa da takunkumi. Ƙwallayen ma sai an goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kana jin ihun koci da ƙarar takalmi a talabijin. Haaland ya ci ta farko, ya tsaya yana 'yar rawarsa, abokan wasansa na tafa masa daga nesa. Aka tashi 4-0, 'yan wasa suka je suka gaida kujerun da babu kowa a kai. A Mönchengladbach kuwa magoya baya biyan kuɗi suka yi aka buga hotunansu a kwali aka jera a kan kujeru.

Tsarin, in za a faɗi gaskiya, ya burge ni. A zagayen farko an yi gwaji 1,724 a kulob 36, aka samu mutum 10 da cutar. Daga nan kowane ɗan wasa sau biyu ake gwada shi a mako. An killace su a otal mako guda kafin farawa, har kocin Augsburg, Heiko Herrlich, ya rasa wasansa na farko saboda ya fita siyo man goge baki. Dynamo Dresden gaba ɗayanta aka kulle ta mako biyu da aka samu biyu daga cikin 'yan wasanta sun kamu.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya hana shugabannin gasar barci shi ne kuɗin talabijin, wajen yuro miliyan 300 da ba za su shigo ba in ba a ƙarasa ba, kuma mujallar Kicker ta ruwaito cewa kulob 13 cikin 36 na iya durƙushewa. Irin kulawar da aka yi wa 'yan wasan nan ita ce wadda mai kiwo ke yi wa ragon da zai kai kara gab da Babbar Sallah: dusa, wanka, allura, duk don farashi. Wanda ya buɗe baki kuwa ya ga yadda ake yi. Birger Verstraete na Köln ya ce yana tsoro, domin an samu masu cutar a kulob ɗinsu kuma budurwarsa na da ciwon zuciya. Ba a jima ba kulob ya fitar da sanarwa da sunansa yana sassauta maganar. Salomon Kalou, ɗan Kwaddibuwa, Hertha ta dakatar da shi nan take saboda bidiyon da ya nuna yana musabaha da abokan wasansa, alhali kwanaki kaɗan bayan haka 'yan Hertha ɗin sun rungumi juna a fili suna murnar cin ƙwallo, babu wanda aka taɓa. Sannan a watan Yuni, a wata mayanka da ke yankin Gütersloh, cikin wannan jihar tamu, ma'aikata sama da 1,500 suka kamu, yawancinsu baƙi daga Romaniya da Bulgeriya. Su babu wanda ya tuna da gwajin sau biyu a mako sai da abu ya lalace. Mu masu lodi ma haka, takunkumi ne da addu'a.

To mu a gida me za a ce mu yi? Kun fi ni sanin halin da ake ciki a lokacin: kulle a Filato, an rufe iyakokin jihohi, ga mace-macen Kano, ga Abba Kyari da kansa cutar ta ɗauke a watan Afrilu. Ɗan wasan Najeriya a bas yake tashi daga Jos zuwa Uyo ko Fatakwal, ya kwana su biyu ko uku a ɗaki, ya ci abinci a bakin hanya, da yawansu kuma suna bin kulob albashin watanni. Wanda duk ya ce a buga a haka ba ya ƙaunarsu. Babu kuɗin talabijin da zai tsone mana ido, sai muka tsaya, kuma ni a wurina tsayawar nan ita ce daidai. Faransa ma ai ta tsaya, Holan ta tsaya, ba wanda ya ɗaga musu kafaɗa.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan kauce masa ba. Ranar 8 ga Maris, kwanaki kaɗan kafin a dakatar da gasar, Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafiya suna wasa da Katsina United. Motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Yaron ya rasu. Ba korona ce ta kashe shi ba, kuma ƙasar da motar asibitinta ke buƙatar turi ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi a kan lafiyar ɗan wasa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta kafa kwamiti, kamar kullum. Na yarda da wannan duka. Sai dai shi ma hujja ce a gare ni: in ba ka iya tada mota ba a lokacin zaman lafiya, kada ka tara yaran mutane a lokacin annoba.

Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. Lokacin da aka tsaya, Plateau United, ƙungiyarmu ta Jos, ce a sama, maki 49 a wasa 25, ƙarƙashin Abdu Maikaba. Rivers United na biye da 45. Aka ce za a raba maki da yawan wasannin da kowa ya buga, aka raba, Plateau ta sake fitowa ta ɗaya ba gardama. Gardamar tana tsakanin Rivers da Enyimba ne a kan na biyu. Da wannan lissafin aka ba mu gurbin gasar zakarun Afirka. Amma kofi? Aka ce bana babu zakara. Faransa da irin wannan lissafin ta miƙa wa PSG kofi, Beljiyam ta ba Club Brugge. Lissafin da ya isa ya tura ka wakiltar ƙasa, ta yaya bai isa ya ba ka kofi ba? Ni dai ban yarda da haka za a yi ba da a ce wata ƙungiyar ce mai uwa a gindin murhu take sama.

Na kira yayana a Unguwar Rogo ina ta faɗa. Ya ce, "Kai ƙanena, mu nan ta garin tuwo muke yi, kai kana Turai kana kukan kofi." Na ce, "Yaya, ka manta 2017 ne?" Bai manta ba. Ranar da muka doke Rangers a filin Rwang Pam muka ɗauki gasar karo na farko, daga Terminus har hanyar Bauchi mutane ne, ɗan Gangare da ɗan Tudun Wada a kan babur ɗaya, ba mai tambayar wani sunansa. Wanda ya rayu a Jos daga rikicin 2001 zuwa yau ya san abin da ke iya haɗa garin nan haka bai taka kara ya karya ba. Garin da Mighty Jets ta ɗauki gasar ƙasa ta farko a 1972, garin Sam Garba Okoye, garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon, shi ne aka ce masa ya yi haƙuri da takardar gurbi. Ko ba taro, ko ba ganga, kamata ya yi LMC, hukumar da ke gudanar da gasar a lokacin, ta sa kofin nan a mota ta kawo shi Jos, a ajiye a ofishin kulob, in annoba ta lafa mu san yadda za mu zagaya gari da shi.