Rufin gilashi a zafin Argungu?

An ce ɗakunan gilashin da ake gina wa baƙi a arewacin Finland don kallon hasken Aurora, wato hasken nan mai launuka da ke bayyana a sararin sama da dare a can arewacin duniya, ba sa cutar da muhalli, har wani ya ce mu ma mu gina irinsu a Argungu. Ni ban gamsu ba. Gilashi ba ya riƙe ɗumi, sai an yi ta ƙona lantarki kafin ƙanƙarar da ta taru a kansa ta narke. A Iceland da sauƙi, tunda zafin ƙarƙashin ƙasa ke ɗumama yawancin gidajensu. Malam mai cewa mu kwaikwaya a Argungu, haba, a zafin Afrilu? Baƙin bikin kamun kifi a kogin Matan Fada soron ƙasa mai azara ya fi dacewa da su, ga sola a sama. Magina nawa suka rage a Kebbi da suka iya wannan ginin?