Kek ɗin da Inna ta yi wa gyara

Ranar walimar saukar ƙanina ni na ɗaura ɗamarar yin kek, kuma ba kowane iri ba, na cakulan wanda ko cokali ɗaya na fulawa babu a ciki, saboda matar Yayanmu likita ya hana ta cin alkama, duk taron da aka yi a gida sai dai ta riƙe kofin zoɓo tana kallon mutane suna cin cincin. A bidiyon da na kalla a waya abin ba wuya: baƙin cakulan giram 200, bota kusan haka, ƙwai 5, suga ƙasa da kofi. Wai shi ke nan.

To amma mai bidiyon ba a Birnin Kebbi take ba, balle a watan Afrilu da zafi ke haura 40. Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gida cakulan ɗin ya fara narkewa cikin leda da kansa. Na ƙarasa narka shi da bota a kwano bisa ruwan zafi, ina kaffa-kaffa, don ɗigon ruwa kaɗan in ya faɗa ciki dunƙulewa zai yi. Sai farin ƙwai, wanda shi ne duk ƙarfin kek ɗin, kumfarsa ce ke ɗaga shi tun da ba gari. An ɗauke wuta tun asuba, injin bugawa ya zama kayan ado, na ɗauko maburgin miya na wanke shi sau ba adadi saboda in da maiƙo ko ɗigon gwaiduwa kumfa ba ta tashi, na yi ta burgawa har hannuna ya daina jin maganata, sai da na kife kwanon bisa kaina bai zubo ba.

Duk wannan Inna na tsaye bakin ƙofar kicin.

"Ke ɗiyag ga, ina garin?"

Na ce Inna ai wannan ba a sa mai gari.

"Tuwo ba gari. To Allah shi kyauta."

Na haɗa komai a hankali, na fita tsakar gida duba tukunyar yashin da na ɗora a gawayi, ita ce obin ɗinmu. Da na dawo na ga kwaɓin ya yi kauri, na ce ikon Allah, ashe haka yake yi in ya huta. Na gasa, bayan kamar rabin awa kek ya fito ya tashi tsaf, sama a mulmule, gwanin kyau. Nan gabana ya faɗi, don na gaskiyar in ya huce tsakiyarsa lotsawa take, saman ya tsattsage. Na waiga, ga farin gari a gefen zanin Inna.

"Ni dai na ga ya yi ruwa-ruwa, na ce kar a yi muna dariya gaban baƙi. Gwangwani biyu kaɗai na zuba."

Biyu kaɗai fa.

Da ragowar cakulan da ƙwan da na aro a maƙwabta na sake wani ƙarami, wannan karon na sa sakata. Ya fito yadda ake so, baƙi, a lotse, ciki da danshi. Goggo ta leƙo ta ce "wanga ƙonewa ya yi ko zama aka yi bisa nai?" Firij ba wuta, sai na ɗora shi a faranti kan ƙanƙarar da aka sayo don zoɓo, ina gadi da mafici ina korar yara da ƙudaje.

Na Inna aka kai zaure wurin maza, ko minti goma bai yi ba aka dawo da tire wayam, har Kawu ya aiko min da dubu biyu wai Allah ya yi albarka, Inna ta miƙo hannu ta karɓi ɗaya ba ko kunya. Nawa kuwa matar Yaya ta ja shi ɗaki ta cinye da cokali, ta ce lallai in sake mata da Babbar Sallah. Har yau in maƙwabta suka tambayi Inna labarin, cewa take yarinyar ta iya kek, mantuwa ce dai ta yi mata yawa.